Yadda na sha yawo kafin Baba ya ga likitan fata da katin Medicare

A farkon Janairun 2025, ana tsakiyar sanyin Niyok, na biya gidan su Baba a Bronx bayan na tashi daga aiki. Na same shi a falo ya idar da magariba, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwa yana shafa man kaɗanya a dunduniya saboda kaushi. A nan idona ya faɗa kan wani tabo a tafin ƙafarsa ta hagu, kusa da tushen babban yatsa. Bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba, amma gefensa ba a daidaita yake ba, wani ɓangare baƙi ƙirin, wani kuma ruwan ƙasa. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Tawadar Allah ce, Uwata, ta daɗe." Mama da ke ninkin kaya a gefe ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ba ta daɗe haka ba, Alhaji. Bara ba ta kai haka ba." Maganar Mama ce ta hana ni barci a daren. Baba yana da shekara 71, yana da ciwon suga, tun 1996 yake wannan gari, kuma kusan duk shekarun a bayan sitiyarin tasi ya yi su. Mutum ne da ba ya zuwa asibiti sai an kai ruwa rana. Na ce a raina ai abin mai sauƙi ne, tunda yana da Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayyar Amurka ke bai wa wanda ya kai shekara 65. Ashe wata biyu da 'yan kai za mu yi kafin likitan fata ya kalli ƙafar nan, kuma rabin ɓata lokacin rashin sanina ne ya jawo shi.

Washegari na buɗe shafin medicare.gov, inda ake neman likitoci, na sa lambar unguwarmu na zaɓi likitan fata. Sunaye suka fito da yawa. Na karɓi katin Baba, wanda kowa ya sani, mai ratsin ja da fari da shuɗi, na fara kira a lokacin hutun cin abinci. Tambaya ɗaya nake yi: kuna karɓar Medicare? Ofis na farko suka ce ba sa ɗaukar sabon majiyyaci. Na biyu suka bar ni da kiɗa a kunne har hutuna ya ƙare. A rana ta uku wata mata ta ce e, suna karɓa, ta karɓi suna da ranar haihuwa da lambar katin, ta ba mu ranar Talata 11 ga Fabrairu da ƙarfe goma na safe. Mako biyar ke nan, amma na yi hamdala, na rubuta a kalandar kicin ɗin Mama, na nemi hutun ranar a wurin aiki.

Ranar muka shiga jirgin ƙasa mai lamba 4, Baba cikin babbar rigar sanyi a kan kaftani, muka isa da saura minti ashirin. Aka ba ni takardu shafi shida na cike: magungunan da yake sha, ayyukan da aka taɓa yi masa, ko akwai mai ciwon daji a dangi. Na miƙa tare da katin. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, sannan ta ce ko akwai wani katin? Na ce wane iri? Ta ce kwamfuta ta nuna tun 1 ga Janairu Baba ba ya kan Medicare na asali, yana kan wani tsari na Medicare Advantage na wani kamfanin inshora, kuma likitansu ba ya cikin jerin likitocin wannan kamfani. In muna so a gan shi yau, sai mu biya dala 250 daga aljihu, ban da abin da za a yi masa a ciki, kuma ba wanda zai mayar mana. Na juya na kalli Baba. Shi ma kallona yake. Na tambaye shi da Hausa ko ya sa hannu a wata takarda kwanan baya, ya ce shi dai bai canza komai ba. Muka fito gwiwa a sanyaye. A jirgi ban yi magana ba, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da bai dace 'ya ta faɗa wa uba ba.

Da muka koma gida na ce ya zazzage min walat ɗinsa a kan tabarma. Cikin katunan banki da tsohon lasin tasi sai ga kati biyu masu tambarin kamfani ɗaya. Baba ya ɗauki ɗaya ya ce, "Ai wannan na sayen man goge baki ne da bitamin." Sai labarin ya fito. A watan Nuwamba wani mutum ya kafa tebur a bakin kantin magani na unguwa, mai fara'a, har yana cewa salamu alaikum. Ya ce wa Baba akwai katin da za a riƙa sa masa kuɗi yana sayen ƙananan kayan kanti kyauta, ga gilashin ido, ga wankin haƙori, ba tare da ƙarin ko sisi a wata ba. Baba ya sa hannu. Duk abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne, abin da Baba bai gane ba shi ne sa hannun nan ya ɗauke duk harkar lafiyarsa daga hannun gwamnati kai tsaye ya damƙa wa kamfani. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba na kowace shekara ne ake buɗe ƙofar canza tsari, shi ya sa a wannan tsakani tebura da kiran waya da tallan talabijin suke yawa. Kuma ba Baba kaɗai ba ne, fiye da rabin masu Medicare yanzu a irin wannan tsari na kamfanoni suke.

Sai a daren na zauna na fahimci abin da ya kamata in sani tun farko. Medicare na asali sashe biyu ne: Sashe na A na kwanciya asibiti, Sashe na B na ganin likita da gwaje-gwaje. Likitan fata a Sashe na B yake. A 2025 ana cire dala 185 duk wata daga kuɗin fanshon gwamnati na mutum don Sashe na B, shi zai biya dala 257 ta farko a shekara, daga nan Medicare ta biya kashi 80 cikin ɗari, shi ya biya 20. A wannan tsari ba ka bukatar takardar turawa daga kowa, duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar kana iya zuwa wurinsa. Medicare Advantage kuwa, wanda ake kira Sashe na C, kamfani ne gwamnati ke biya ya kula da kai. Dala 185 ɗin nan ba ta daina fita ba, amma katin da ke aiki a asibiti na kamfanin ne, mai ja da fari da shuɗi sai dai a adana shi a gida. Tsarin Baba irin wanda ake kira HMO ne, wato sai likitocin da ke cikin jerinsu, kuma a nasa sai babban likitansa, wato wanda ke kula da lafiyarsa gaba ɗaya, ya rubuta takardar turawa kafin ya ga ƙwararre. Ke nan matar da ta ce min "muna karɓa" ba ƙarya ta yi ba. Ni ce na yi tambayar da ba ita ba, da katin da ba shi ba.

Na kira lambar da ke bayan katin kamfanin. Suka ce ba za su yi magana da ni ba sai da izinin mai katin. Na miƙa wa Baba wayar, ya faɗi sunansa da ranar haihuwa, ya ce ya yarda 'yarsa ta yi magana a madadinsa. Wannan izinin na kiran ranar ne kawai. Don kada kullum sai ina kusa da shi, suka aiko da takarda ya sa hannu aka ajiye sunana a fayil ɗinsa. Medicare ma tana da irin tata takardar daban, ita ma muka cike. A wannan kiran ne na gano wata sabuwa: sunan babban likitan da ke jikin katin wani ne da Baba bai taɓa gani ba, kamfanin ne ya zaɓa masa. Likitarsa ta shekara tara, wadda ta san sugansa ciki da bai, Allah ya taimaka tana cikin jerinsu. Na ce a mayar da sunanta. Suka ce an yi, amma sai 1 ga Maris zai fara aiki. Muna tsakiyar Fabrairu.

Na ce kafin nan bari in nemo likitan fatar, takarda na fitowa sai mu wuce. Kamfanin ya ba ni jerin sunaye 14 da ke kusa da mu. Wannan jeri shi ya fi cin raina a duk tafiyar. Lamba biyu ba sa shiga sam. Wani ofishin suka ce likitan ya bar su shekara biyu da suka wuce. Wata likitar yara kaɗai take gani. Uku suka ce sun daina aiki da wannan kamfani tun ƙarshen shekara. Wani wurin kuma da na ji yadda aka amsa wayar na gane harkar gyaran fuska da cire gashi suka fi yi. Sauran suna karɓa, amma ranar da ta fi kusa a watan Yuni take. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta ranar kira, da sunan wanda ya amsa, da abin da ya ce, domin na lura ofis ɗaya kan ba ka amsa biyu in ka kira sau biyu. Duk dare kuma sai na sa Mama ta ɗauki hoton tabon da waya, da tsabar kuɗi a gefensa don a ga girma. Baba yana cewa mun mayar da ƙafarsa abin kallo.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in daina wahala ni kaɗai, in kira 311, lambar neman bayani ta hukumar birnin, in nemi HIICAP. Shiri ne na ba da shawara kan Medicare kyauta a jihar Niyok, kuma kowace jiha tana da irinsa, ana kiransu SHIP gaba ɗaya. Ba kamfani suke wa aiki ba, ba su da abin sayarwa. Aka haɗa ni da wata dattijuwa, muka yi kusan awa ɗaya a waya. Ita ta gaya min cewa wanda ke cikin Medicare Advantage yana da wata dama daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris ya canza sau ɗaya, ko zuwa wani kamfanin ko ya koma na asali, canjin kuma ya fara aiki a farkon watan da ke biye. Nan take na ce to mu koma. Ta ce in tsaya in yi lissafi tukuna. In ya koma, sai ya sayi tsarin magani daban, wato Sashe na D. Kashi 20 ɗin nan kuma ba shi da iyaka a shekara, sai in an sayi ƙarin inshora da ake kira Medigap. A Niyok ana iya sayenta a kowane lokaci ba a hana mutum saboda ciwo, wanda ba haka yake a yawancin jihohi ba, amma a cikin birni kuɗinta ɗaruruwan daloli ne a wata. Tsarin kamfani kuwa, duk da takurarsa, yana da iyakar abin da za ka kashe a shekara.

Ta kuma warware min wani abu da ban san da shi ba, ko da za mu koma na asalin. Likitoci iri uku ne a gaban Medicare. Akwai wanda ya yarda ya karɓi farashin da Medicare ta yanke a matsayin cikakken kuɗinsa, kalmar da ake tambaya da ita a ofis ita ce assignment. Akwai wanda yake ganin masu Medicare amma bai ɗaure kansa da farashin ba, doka ta bar shi ya ɗora har kashi 15, ko da yake jihar Niyok ta rage shi zuwa kashi 5 a yawancin ayyuka. Sai na uku, wanda ya fita daga tsarin baki ɗaya, zai ba ka takardar yarjejeniya ka sa hannu, kuma Medicare ba za ta biya ko kwabo ba. Duka ukun in ka kira za su iya cewa suna ganin tsofaffi masu Medicare. Ta duba ko Baba zai samu tallafin da jiha ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi wajen biyan kuɗin Sashe na B, sai kuɗin shigarsu da na Mama ya ɗan haura iyaka. Muka zauna da Baba da ƙanena muka auna. Likitar sugansa tana ciki, likitan idonsa yana ciki, magungunansa suna ciki. Muka yanke mu zauna a tsarin wannan shekarar, mu matsa musu su yi aikinsu.

Azumi ya kama a farkon Maris. Ranar 4 ga wata muka je wurin likitarsa. Ta sa ya cire safa, ta haska fitila, ta daɗe tana kallo, ta karɓi wayata ta bi hotunan tabon ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce ga abin da yake ba, ta dai ce wannan ba na jiran Yuni ba ne. Ta rubuta takardar turawa ta sa mata alamar gaggawa. A doka, in likita ya nemi izini cikin gaggawa, kamfani yana da awa 72 ya ba da amsa. Namu ya fito a kwana biyu. Amma wadda ta fi yi mana amfani a ofishin nan ita ce sakatariyar da ke tura takardun. Na nuna mata littafina da sunaye 14. Ta yi dariya, ta ɗauki biro ta zagaye biyu, ta ƙara wani na uku da ba ya cikin jerin da aka ba ni, sashen fata na wani babban asibitin koyarwa. Ta ce su ne suke amsa mata in ta tura. Ita kullum a kan wannan aiki take, ta san wanda yake nan da wanda sunansa kawai ya rage a takarda. Da na san haka, da ita zan fara tambaya tun Janairu.

Na kira asibitin koyarwar. Wannan karon na karanta musu cikakken sunan tsarin kamar yadda yake a jikin katin, harafi da harafi, don kamfani ɗaya yakan yi tsari biyar kuma ofis ya karɓi uku ya bar biyu. Suka ce suna karɓa, rana mafi kusa ƙarshen Mayu. Sai na faɗi abin da likitar ta ce in faɗa: tabo ne a tafin ƙafa, yana canza girma da launi, kuma akwai takardar gaggawa. Muryar matar ta sauya. Ta ce in turo takardar da hotunan, ta sa mu a jerin waɗanda ake kira in wani ya fasa zuwa, ta tambaya ko za mu iya zuwa in an kira mu kwana ɗaya kafin. Na ce ko awa ɗaya ce za mu zo. Ranar Laraba 12 ga Maris ina wurin aiki waya ta shigo: gobe ƙarfe takwas da kwata.

Baba yana jin Turancin tasi, zai kai ka ko'ina a garin nan ya yi ciniki ya yi faɗa da shi, amma maganar asibiti daban ce. Duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya ba majiyyaci tafinta kyauta, don haka tun a waya na nemi mai Hausa. Na so Baba ya ji daga bakin likita ba ta bakina ba, don in ni ce, zai ce na ƙara gishiri. Aka jawo wata kwamfutar hannu a kan sanda mai taya, wani bawan Allah ya fito a allon. Daga gaisuwa Baba ya ce, "Kai mutumin Kumasi ne ko?" Suka ɗan taɓa raha, jikin Baba ya saki. Muka biya dala 35, kuɗin ganin ƙwararre a tsarinsa. Likitar ta zo da wata ƙaramar na'ura kamar tocila mai gilashin ƙara girma, ta manna a kan tabon. Sannan ta duba ɗaya ƙafar, tsakanin yatsu, farata, tafin hannu, har cikin baki. Ta ce mutane da yawa suna ɗauka baƙar fata ba ta kamuwa da sankarar fata. Gaskiya ta fi ƙaranci a cikinmu, amma in ta zo ta fi fitowa a inda rana ba ta taɓawa, tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, kuma sau da yawa ba a ganowa sai ta yi nisa. Ta ce irinta ce ta kashe Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ta fara. Baba, wanda ya sha jin waƙoƙinsa a rediyon mota, ya yi shiru.

Ta ce za ta yanki ɗan nama a kai gwaji, yanzu-yanzu. Abin da ya dami Baba ba wuƙar ba ce. Tambayarsa biyu: allurar kashe zafi za ta karya masa azumi? Kuma yaya zai yi alwala? Ta farko na riga na sa ƙanena ya tambayi limamin masallacinsu tun daren jiya, ya ce allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, in an ɗaure ciwo kuma shafa a kan bandeji ya wadatar. Kafin ta fara na tambayi ma'aikaciyar jinya ko ɗakin gwajin da za a kai naman yana cikin jerin kamfaninmu, don dattijuwar HIICAP ta gargaɗe ni cewa kuɗin gwaji daban yake zuwa. Ta ce yana ciki. Na rubuta sunanta da lokacin a littafina. Aikin bai kai minti goma ba, ɗinki biyu aka yi. Da aka gama, Baba ya ga dama ta samu, ya nuna ƙananan baƙaƙen ƙurajen da suka feso masa a kumatu da wuya shekaru da yawa, irin waɗanda kusan duk dattawanmu suke da su, ya ce a haɗa da su. Likitar ta ce waɗannan ba su da illa, cire su kwalliya ce, Medicare ba ta biyan kwalliya ko a wane tsari, in yana so sai daga aljihu. Baba ya ce a bar masa kayansa, Hajiya ta saba da su.

Kwana goma sha ɗaya muka jira, mafi tsawo a azumin nan. Mama ta ƙara sadaka, ni kuma duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Likitar da kanta ta kira. Ta ce ba sankara ba ce, amma ƙwayoyin tabon ba su da kyan gani, irin waɗanda ba a barinsu a wurin, za a cire sauran har da ɗan gefe. Wannan ya bukaci sabon izini daga kamfani, ofishinsu ne ya nema, ya ɗauki mako guda. Bayan sallah da mako biyu aka yi, Baba ya yi kwana ashirin yana taka dunduniya, yana salla a kujera, muna duba wurin safe da yamma saboda suga yana jinkirta warkewar ciwon ƙafa. A watan Mayu sai ga ambulan daga ɗakin gwaji: dala 412. Kafin ita wata takarda ta zo daga kamfani mai manyan lambobi, wadda aka rubuta a samanta cewa ba ta neman biya ba ce, bayani ne kawai, amma Baba ya riga ya fara haɗa kuɗi. Na hana shi biyan ko ɗaya. Na kira kamfanin da littafina a buɗe, na faɗi rana da sa'a da wanda ya ce min ɗakin gwajin yana ciki. Ashe an tura takardar da lambar tsohon katin ne, mai ja da fari da shuɗi, aka ƙi biya, su kuma suka juyo kanmu. Kira uku aka yi kafin a gyara. Abin da ya fita daga aljihunmu a duk lamarin, ban da kuɗin jirgi da ranakun aikin da na rasa, bai kai dala 200 ba.

In yau aka dawo da ni Janairu, walat zan fara zazzagewa kafin in taɓa waya. Dattawanmu suna sa hannu a abu don kunyar mai fara'a, kuma ba sa ɗaukarsa canji. Wanda bai tabbata ba ya kira 1-800-MEDICARE da mai katin a kusa, dare ko rana, za a gaya masa tsarin da yake kai, kuma ana iya neman tafinta. Sai an san wannan ne tambaya take da amfani: in na asali ne, a tambayi ofis ko suna karɓar assignment kuma suna ɗaukar sabon mutum, in na kamfani ne a karanta cikakken sunan tsarin, a sake tabbatarwa daga kamfanin, a kuma roƙi ofis su duba katin a kwamfuta tun ranar da aka ba da rana. Mako biyar ɗin farko da muka yi asara, wannan roƙo ɗaya zai hana shi. Kada kuma a ji nauyin faɗin abin da ke tafe da mutum. Mai amsa waya ba ta san bambancin mai son a duba masa ƙyasfi da mai tabo da ke girma ba sai ka faɗa, kuma ofisoshin nan suna ajiye gurbi don irin na biyun.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman, mu da ƙafarmu ɗaya ke nan ɗaya ke gida. Na farko, Medicare a galibi ba ta biyan magani a wajen Amurka, kuma mai tsarin kamfani in ya yi fiye da wata shida a wajen yankin da tsarin yake aiki, ana iya cire shi. Baba yana da niyyar zuwa Kano ya daɗe bana, dole muka rage kwanakin. Na biyu, Sashe na A kyauta ne kawai ga wanda ya biya harajin aiki na shekara goma, ko mijinta ko matarsa ta biya. Baba ya ci sa'a yana cike takardun harajinsa tun yana tuƙi. Akwai abokansa da suka yi shekara ashirin suna karɓar kuɗi a hannu ba sa bayyanawa, suka kai 65 aka ce sai su sayi Sashe na A, wanda a 2025 yake kaiwa dala 518 a wata.

An ba Baba ranar komawa duk bayan wata shida, a duba shi daga kai har ƙafa. Tsohon katin yana cikin akwatin Mama tare da fasfo, na kamfanin na manna masa farar takarda na rubuta "na asibiti" da ajami, don shi ya fi saurin karantawa. Na sa wa wayata tuni na 15 ga Oktoba, in kira sashen fatar in ji ko za su ci gaba da aiki da kamfanin a shekara mai zuwa, don in sun rabu sai mu canza kafin 7 ga Disamba. Makon jiya ƙanena ya ce ya ga Baba a wurin alwala na masallaci ya tsare wani abokinsa ɗan Damagaram, yana cewa ɗaga ƙafar in gani.